Kuɗinmu na Zagaye Biyu Ne: Mu Fara Kemo Ko Mu Jira Kaka?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: an ce wa wani a gida sai an yi masa kemo, wato maganin asibiti na ciwon daji (sankara), 'yan uwa kuma sun rasa ta inda za su kama. Na zaɓo waɗanda suka shafi kuɗi da saye da zaɓi, don nan ne mutumin da ya tsufa a bayan kantar famasi zai iya sa baki. Na cire sunaye, na taƙaita wasu. Duk inda maganata ta saɓa da ta likitan da ya ga fayil ɗin mara lafiyarku, ku bi tasa.

"Assalamu alaikum Bappa. An auna Dadarmu a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, an ce sankarar mama ce. Likita ya ce za a yi mata kemo zagaye shida kafin a yi aiki. Mun sayar da bijimi, abin da ya zo hannu na zagaye biyu ne kawai. Hammanmu ya ce a bari sai kaka in an cire wake da masara a haɗa gaba ɗaya. Goggo kuma ta ce kada ma a fara, wai duk wanda aka sa wa ruwan nan ba ya tashi. Ni ne ƙarami, amma ni ke jinya. Yaya zan yi?" — daga Kumo

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba Dada lafiya, ya ba ka ladan jinya. Bari in fara da Goggo, don in ba ta gamsu ba, ko an haɗa kuɗin ba za a je ba.

Goggo ta faɗi abin da idonta ya gani. Galibin masu sankarar mama a ƙasar nan ba sa zuwa asibiti sai ƙullutun ya girma, ko ya fashe, ko ciwon ya riga ya kai huhu da ƙashi. An sha jiƙo, an yi shafe-shafe, an yi tsaga, kemo ne ya zo daga ƙarshe, shi kuma ake ɗora wa laifin. Matar da ta zo da wuri aka yi mata ta warke ba ta yawo tana ba da labari, kallabinta ta ɗaura ta koma harkokinta, shi ya sa Goggo ba ta san da ita ba.

Ga abin da kemo yake. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ke rabuwa suna hayayyafa bisa ƙa'ida, in an samu adadin da ake so su tsaya. Sankara ƙwayoyi ne da suka ƙi tsayawa. Kemo magani ne, yawanci ta ƙarin ruwa, wani lokaci ƙwaya, da ke bin jini ya zaga jiki yana lalata ƙwayoyin da ya tarar suna cikin rabuwa. Nan ya bambanta da aiki da kuma gashin na'ura (ƙona ciwon da hasken wata na'ura), waɗanda wuri ɗaya suke taɓawa. Matsalar ita ce akwai lafiyayyun sassa da su ma ƙwayoyinsu ke saurin rabuwa: tushen sumar kai, fatar cikin baki da hanji, da ɓargo inda ake ƙera jini. Daga nan zubewar gashi take, da gyambon baki, da tashin zuciya, da ƙarancin jini. Amma lafiyayyun ƙwayoyi sun fi na ciwon saurin farfaɗowa, kuma a kan wannan ratar aka gina tsarin duka. A ba da magani, a huta kwana 21 jini ya dawo, a sake bayarwa kafin ciwon ya murmure. Zagaye ɗaya ba ya kashe duka, wani kaso yake kashewa, na gaba ya sake cire wani kaso daga abin da ya rage. Kai ɗan manomi ne, ka san feshin wake: in ka yi na farko ka tsallake sauran, tsutsar da ta ƙyanƙyashe daga baya ita za ta cinye furen, kuɗin na farkon ma ya bi ruwa.

Da likita ya ce kemo kafin aiki, yana so ne ƙullutun ya motse yadda za a iya cire shi tsaf, kuma a tare ƙwayoyin da suka fice suka shiga jini tun ba a iya ganinsu a hoto. Wannan tsari ne na neman warkewa, ka gaya wa Goggo haka.

Kuma maganin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. An fara gwada irinsa a Amurka a 1942, a 1948 aka ga ya kwantar da sankarar jini a jikin yara a birnin Boston. A shekarun 1960, a Ibadan, Farfesa Victor Ngu yana cikin waɗanda suka nuna cewa sankarar nan mai kumbura muƙamuƙin yara tana narkewa da maganin cyclophosphamide, har aka ba shi lambar yabo ta Lasker a 1972. Da wuya a ce wannan maganin ba ya cikin takardar Dada yau.

Sai maganar Hamma. Hankalinsa na kuɗi daidai ne, lissafinsa na lokaci ne bai yi ba. Ƙullutun da ake iya cirewa yau, watanni kaɗan sun isa ya manne da ƙirji ko ya bazu, kuma jinyar wancan matakin ta fi tsada ta fi ƙarancin sakamako. Kada ku jira kaka. Amma kada kuma ku shiga da ido rufe. Duba lissafin: zagaye na farko yau, na biyu bayan kwana 21, na uku bayan kwana 42. Kuɗin bijimin ya saya muku mako shida ke nan na neman na uku. Ku fara ranar da likita ya sa, kuma a daren ranar ku zauna taron gida a raba sauran huɗun: wa ya ɗauki na uku, wa ya ɗauki na huɗu, wane hatsi za a ci bashi a kansa, wa za a nema a Abuja ko Fatakwal cikin 'yan uwa. A rubuta da suna da kwanan wata. "Allah zai kawo" gaskiya ne, amma na ga gidajen da kowa ya faɗe ta yana zaton ɗan'uwansa ne zai zama sanadin.

Ka nemi a rubuta maka kuɗin tafiyar gaba ɗaya, don mutane kan kasafta kwalaben magani kawai su manta da sauran. Kafin kowane zagaye akwai awon jini, lokaci-lokaci awon ƙoda da hanta. Kafin a fara akwai gwajin ciwon hanta nau'in B, saboda kemo na iya tayar da shi in yana kwance, da hoton zuciya in za a ba ta jan maganin nan doxorubicin. Akwai maganin hana amai, akwai allurar ɗaga fararen ƙwayoyin jini in sun faɗi, akwai yiwuwar ƙarin jini (ka tanadi samarin gidanku tun yanzu, su san rukunin jininsu). Akwai kuɗin mota daga Kumo na mutum biyu. Bayan kemo ga aiki, wataƙila gashin na'ura, wataƙila ƙwayar tamoxifen ta shekara 5. Akwai kuma wani gwaji da ake yi a kan tsokar da aka ɗiba, mai nuna ko ciwon yana cin abinci daga sinadaran mata ko yana da alamar da ake kira HER2. Wasu na tsallake shi don tsada, ni kuwa ina ganin shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani, don shi ke hana a sayi maganin da ba zai yi wa irin ciwonta aiki ba.

Abu na ƙarshe: gwamnatin tarayya ta fara wani asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu ciwon daji a 2021, a asibitoci shida, ɗaya a kowace shiyya, kuma asibitin da kuke zuwa shi ne aka zaɓa a lokacin don Arewa maso Gabas. Sankarar mama tana cikin nau'i uku da aka fara da su, tare da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza (wadda ake kira prostate). Ka tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin yadda ake cike takarda, ka cike da wuri. Sai dai ka ɗauke shi a matsayin ƙari in ya zo, kada ka soke taron gida saboda shi.

"Malam, barka da aiki. An rubuta wa maigidana magungunan kemo. Wani abokin kasuwancinsa ya ce zai samo mana a Kano kusan rabin kuɗin, a sako a mota mu karɓa a tasha. Ya kuma ba da shawara mu sayi na zagaye takwas ɗin gaba ɗaya kafin dala ta sake tashi. Ya kake gani?" — daga Jekadafari, Gombe

Hajiya, barka kadai. Shawara biyu ya ba ki, kuma duka biyun ban yarda da su ba.

Ta farko. Da yawa daga magungunan nan sanyi suke so, tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, tun daga masana'anta har hannun nas. Vincristine haka, ruwan doxorubicin haka, allurar filgrastim haka, trastuzumab haka. Ki ƙaddara ƙaramin kwali an naɗe shi da baƙar leda da salatif, direba ya cusa shi ƙarƙashin kujera kusa da injin, motar ta bar Kano da hantsi a watan Afrilu, ta tsaya cin abinci, ta tsaya faci, ta iso Gombe bayan magariba, yaron tasha ya ajiye shi a kan benci sai da safe. In kin buɗe za ki ga kwalba garau, ruwa garau, lamba daidai. Ido ba ya gane maganin da zafi ya kashe. Sai bayan wata uku, da hoto ya nuna ciwon bai motsa ba, a ce kemo ba ya aiki.

Ga kuma jabu. Hukumar NAFDAC ta sha fitar da sanarwa a kan jabun magungunan ciwon daji, kuma masu tsadar ake yi wa, don nan riba take. Araha ba ta ado. In ragin kuɗin ya kai rabi a hannun wanda ba shi da rajistar sayar da magani, ki tambayi kanki daga ina ragin ya fito.

Inda ake samun ragi na halal shi ne tsakanin maganin kamfanin da ya fara ƙirƙira da na sauran kamfanonin da ke yin irinsa bayan wa'adin mallaka ya ƙare. Mafi yawan magungunan kemo tsofaffi ne, kamfanoni da dama a Indiya da wasu ƙasashe na yin su, kuma in mai rajista ne sinadarin ɗaya ne. Ki ce wa mai famasin asibiti ya nuna miki duk waɗanda yake da su da farashinsu, kada kunya ta hana ki ɗaukar mai sauƙin. In asibiti ba su da shi suka tura ki waje, ki je babban famasi mai rajista wanda za ki ga firjinsa da idonki, ki tambayi abin da ke riƙe firjin in an ɗauke wuta. Ki duba lambar NAFDAC, lambar rukunin da aka sarrafa, da ranar lalacewa, ki ga ta jikin kwali ta yi daidai da ta jikin kwalba. Ki karɓi rasit mai ɗauke da waɗannan lambobin. Ki tafi da ƙaramar kula da ƙanƙara a naɗe cikin tawul, kada kwalbar ta taɓa ƙanƙarar, don daskarewa ma na lalata wasu. Daga kanti kai tsaye sai asibiti.

Ta biyu, sayen takwas a lokaci ɗaya. Ana auna adadin kemo ne da tsawon mutum da nauyinsa, kuma nauyin maigida zai iya sauyawa. In jininsa ko ƙodarsa suka nuna gajiya za a rage, in ciwon bai ji ba bayan zagaye biyu ko uku za a sauya maganin ɗungurungum. Sai ki wayi gari da kwalabe shida da ba mai karɓa. Firjin gida kuma, da yadda wutarmu take, ba wurin ajiyar dukiya irin wannan ba ne. In kina tsoron dala, ki killace kuɗin a wuri na daban da ba a taɓawa, ko ki tambayi famasin ko suna karɓar ajiya a kan farashin yau. Amma maganin, na zagaye ɗaya-ɗaya, kuma bayan sakamakon awon jini ya fito an tabbatar za a yi.

"Kawu, Addata tana kan kemo zagaye na biyu, tana shan wahala. Wata mata ta kawo mana wani haɗi na kamfani, kwalba uku, ta ce yana wanke daji ba tare da zubar gashi ba, amma sai an dakatar da na asibiti. Wasu kuma sun ce nonon raƙumi da fitsarinsa. Mu ba ma ƙin na asibiti, wahalar ce ta yi yawa." — daga Azare

'Yata, jimlarki ta ƙarshe ita ce ainihin tambayar, kuma tana da amsa a asibiti. Amai bayan kemo yana da magani: akwai ondansetron, akwai dexamethasone, akwai wasu da ake ƙarawa in waɗannan ba su isa ba, kuma sun fi aiki in an sha su a kan lokaci tun kafin zuciya ta fara tashi. Marasa lafiyarmu da yawa suna ganin faɗa wa likita wahala rashin tawakkali ne, sai ya tambaya su ce "da sauƙi", su koma gida su yi kwana huɗu ba sa riƙe ko ruwa. Ki shiga tare da Adda ranar ganin likita, ki faɗa masa sau nawa ta yi amai, kwana nawa ba ta ci ba. Zai gyara.

Mai kwalba uku kuwa, sharaɗinta ya isa ya tona ta. Duk wanda ya ce sai an bar maganin asibiti kafin nasa ya yi aiki, ki tambaye shi wa zai ɗauki alhakin watannin da za a rasa. Lambar NAFDAC a jikin irin waɗannan kwalabe ba shaida ba ce cewa suna warkar da daji.

Ba raina itatuwa nake ba. Vincristine daga wata fulawa ake samunsa, 'yar asalin Madagaska, wadda za ki gani an shuka don ado a ƙofar ofisoshi da gidaje, mai fure fari ko ruwan hoda. Paclitaxel daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka fara ciro shi. Doxorubicin daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa a Italiya. Bambancin shi ne an tace sinadarin, an auna shi, an gwada a kan dubban mutane an san adadin da ke kashe ciwo da adadin da ke kashe mutum. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba ta hanta da ƙoda yake bi, su ne kuma ke fama da fitar da kemo a daidai wannan lokacin. In suka gaza, a ɗage zagaye, ko a rasa damar ci gaba.

Batun raƙumi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunne a kan shan ɗanyen nononsa da fitsarinsa saboda cutar numfashi ta MERS, ɗanyen nonon kuma na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin nan da ake kamuwa da shi daga dabbobi. Ga mai ƙarancin fararen ƙwayoyin jini, wannan kasada ce babba. Addu'a, tofi, zamzam, dabino, miyar zogale, ba wanda zai hana ta. Duk wani abu da ake sha da sunan magani, ko da habbatus sauda ce, a nuna wa likita tukuna. Ƙaho da tsaga a ajiye su sam har a gama, don jini na iya ƙin tsayawa kuma ciwon na iya ruɓewa.

"Malam, Allah ya hore min, kuma ina so in kai mahaifiyata Masar ko Indiya a yi mata kemo a can. Yarana sun ce a yi a nan Bauchi. Wa ya fi gaskiya?" — daga Bauchi

Ranka ya daɗe, Alhaji, ga mafi yawan sankarar da muke gani, paclitaxel ɗin Alƙahira shi ne na Bauchi, tsarin ma ɗaya ne. Kemo kuma ba tafiyar mako biyu ba ce, wata huɗu zuwa shida ne. Ko dai ka ajiye tsohuwa a ɗakin haya a ƙasar da ba ta jin harshensu, ba tuwonta ba jikokinta, ko ka riƙa jigila da ita a jirgi a daidai kwanakin da jininta ya faɗi. Ga jiran biza, wanda shi ma lokaci ne da ciwon ke amfana da shi.

Fita tana da ma'ana in ana bukatar abin da babu shi kusa: wani aiki mai wuya, wani irin hoto ko gwaji, dashen ɓargo. Ka tambayi likitanta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa kai tsaye: me za a yi mata a can wanda ba za a iya a nan ko Gombe ko Zariya ko Abuja ba? In akwai, ya rubuta maka cikakken bayani, ka tafi da sakamakon gwajin tsoka da hotuna, kuma ka shirya da wanda zai karɓe ta in ta dawo. In babu, ka zuba kuɗin a inda za ta ji shi a jikinta: magani mai inganci a kan lokaci, mota mai sanyi ranar asibiti, mai jinya tsayayye. Ka yi hattara da dillalan asibitocin waje, da yawansu la'ada suke ci a kan kowane mara lafiya.

"Bappa, mijina zai fara ranar Litinin. Me zan saya in ajiye a gida? Kuma me zan dafa masa?" — daga Pantami

'Yata, abu na farko ma'aunin zafin jiki, irin ƙaramin nan mai lamba da ake samu a kowane kemis. Ba ya kai kuɗin kaza guda ɗaya, amma a cikin duk abin da za ki saya shi ne zai iya ceton ransa. Tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan kowane zagaye, fararen ƙwayoyin jininsa masu yaƙi da cuta suna ƙasa ƙwarai. A wannan tsakanin, in ma'auni ya nuna 38 ko sama, ko ya fara rawar sanyi, ku tafi asibiti a daren, ku faɗa a bakin ƙofa cewa yana kan kemo. Na san al'adarmu: jiki ya yi zafi, a aiki yaro kemis ya karɓo maganin maleriya da farasitamol, a ce a gani zuwa jibi. Wataƙila maleriyar ce, amma a asibiti za a auna a gani tare da ƙirga jininsa, don ƙwayar cuta a jinin wanda ba shi da garkuwa tana iya kayar da shi cikin awoyi. Farasitamol kuma ɓoye zafin yake yi, ki auna kafin ki ba shi. Asfirin da ibuprofen kada ya sha sai da izinin likita. Ki karɓi lambar wayar sashen da ke yi masa kemo ki liƙa a bango, ki san mai Keke Napep ɗin da zai ɗaga waya da ƙarfe biyun dare.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Gidan sauro. Buroshi mai laushi irin na yara, ya ɗan huta da asuwaki in dasashinsa na jini. Gishiri kaɗan a ruwan ɗumi don kurkure baki sau da yawa a rana. Sabulun wanke hannu a ƙofar ɗaki saboda 'yan dubiya, kuma mai mura ko yaro mai ƙyanda ko ƙarambau ya gaishe shi daga waje. Ki ɗora wa likita laifin, ba wanda zai ji haushinki. Safar hannu ta roba don wanke fo ko amai a kwana biyun farko, lokacin da maganin ke fita daga jikinsa. In jan maganin nan doxorubicin aka sa masa, fitsarinsa zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, launin maganin ne. Suma kan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan zagayen farko, ba kowane magani ke zubar da ita ba, kuma tana dawowa bayan an gama. A rage ta da inji tun da wuri, ban da aska. Kada ki sayi man hana zubewa.

Abinci, na gida ne: kunun gyaɗa, fate, ƙwai dafaffe, wake, kifi, miyar kuka, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Sharaɗin shi ne dafaffe kuma sabo. Fura da nonon talla, kwaɗon bakin hanya, tsiren da ya kwana, zoɓon leda, a haƙura da su. In yana son fura ki dama masa da madarar gwangwani ko nonon da aka tafasa. Ruwa ya sha da yawa, musamman in cisplatin ake ba shi, don ƙoda yake taɓawa. Ba sai kin sayi gwangwanayen ƙarin kuzari masu tsada ba in yana iya cin abinci.

Wani kuma ya rubuto daga Nafaɗa yana tambaya ko za a iya mayar wa mahaifinsa kemo ɗin ƙwaya ya riƙa sha a gida, saboda nisa. Akwai na ƙwaya, kamar capecitabine da ake ba wa wasu masu sankarar hanji da ta mama, a sha kwana 14 a huta 7. Amma irin ciwon ne ke zaɓa, kuma ko da ƙwayar sai an riƙa zuwa awon jini. Ka faɗa wa likita matsalar nisan, wani lokaci akwai yadda zai haɗa maka awo da magani a tafiya ɗaya.

Ga amaryar da ta ce in ɓoye garinta, wadda ta tambaya ko za ta iya shayarwa tana kan kemo: a'a, ba a shayarwa ana kemo, kuma dole a kauce wa ɗaukar ciki har zuwa lokacin da likita zai ce. Al'ada na iya ɗaukewa. Ga mai ƙuruciya irinki sau da yawa tana dawowa, an fi samun ɗaukewar dindindin ga waɗanda suka kusa 40 ko suka wuce. Ki yi maganar haihuwa da likita kafin zagayen farko, tare da maigida in zai yiwu, don zaɓin da ake da shi kafin a fara ya fi na bayan an fara yawa.

"Malam, Babanmu ya haura tamanin, ciwon ya kai hanta da ƙashi. An yi maganar kemo. 'Yan uwana sun ce mu sayar da gidan da muke ciki, kada duniya ta ce mun bar shi. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba." — daga Dukku

Ɗan'uwa, sannu. Akwai kemo na neman warkewa, akwai na taimaka wa aiki ko gashin na'ura, akwai kuma na rage raɗaɗi da jan lokaci kawai. Kafin a kira dillali, ku tambayi likita a fili wanne ne wannan. Likitocinmu kan ji nauyin faɗa in ba a tambaya ba, mu ma mukan ji nauyin tambaya, sai a rabu kowa da zatonsa. In ya ce na sauƙaƙawa ne, ku ci gaba: me muke sa ran zai ƙara masa, zai iya ɗauka a yadda jikinsa yake, in ba a yi ba me za a yi masa? Dattijon da ya fi yini a kwance, wanda hantarsa ta riga ta raunana, kemo na iya ƙara masa wahala fiye da abin da zai rage. Wanda kuma yake tashi yana zuwa masallaci da ƙafarsa, wani lokaci yakan amfana sosai. Shekaru kaɗai ba sa yanke hukunci.

In aka ga kemo ba zai amfane shi ba, jinya ba ta ƙare ba. Akwai mofin na sha don ciwo, mai sauƙin kuɗi in an kwatanta da kemo, kuma bayar da shi bisa ƙa'ida ga mai irin wannan ciwon ba shaye-shaye ba ne, sai dai a haɗa da maganin taurin bayan gida. Akwai gashin na'ura na ɗan gajeren lokaci ga ƙashin da ke hana shi barci. In ciwon daga mafitsarar maza (prostate) ya taso, akwai allura ko ƙaramin aikin da ke rage sinadarin maza, wanda kan kwantar da shi na tsawon lokaci ba tare da kemo ba. Ku tambayi wannan musamman.

Shi Baba, in hankalinsa na nan, a tambaye shi. Gidan nasa ne, jikin ma nasa ne. Ranar ganin likita kuma ka shiga da wanda ya fi matsa wa a sayar da gidan cikin 'yan uwanka, ya ji amsar da kunnensa, don in kai ka kawo ta za a ce gidan kake karewa.